Tayil ɗin Malam Saura-Ƙiris

Duk abin da aka gasa da wuta, in ya shiga hannunsa sai ya ƙwanƙwasa shi. Kofin tangaran ne, faranti ne, ko tukunyar fure a ƙofar wani ofis, sai ya kai shi kusa da kunne, ya buga masa farce, ya yi shiru yana sauraro. In amon ya fito siriri ya ja, sai ya gyaɗa kai. In ya fito a dakushe, sai ya ajiye abin a hankali kamar wanda aka gaya wa wani ba shi da lafiya. A wurin mahaifiyarsa ya gaji wannan ɗabi'a. Maginiyar tukwane ce, kuma ba ta taɓa barin tukunya ta fita daga gidanta ba sai ta ji muryarta.

Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, mai mata ɗaya da 'ya'ya, mutum mara hayaniya. Furfura ta fara leƙo masa a gemu lokacin da ya ji labarin an buɗe wani sabon karatu na digiri na uku a jami'ar da ke bayan gari, karatun da ya haɗa fizis da kemistiri da ilimin kayan ƙira, wato na masu nazarin ƙarfe da yumɓu da gilashi. Wani dattijon farfesa ne ya kafa shi, wanda kowa ke kira Tsoho. Ranar da Malam ya je wurinsa, Tsoho ya ba shi shayi, ya lura da abin da ya yi wa kofin kafin ya kurɓa.

"Me ka ji?" in ji Tsoho.

"Ranka ya daɗe, wuta ba ta ishe shi ba."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Zauna da kyau. Ka ga yumɓu? Bai san sashe ba. In ka sa shi a wuta, ba ya tambaya ko zafin nan na 'yan fizis ne ko na 'yan kemistiri. Mu ne muka gina bango a tsakani. Ni ɗalibin da nake nema shi ne wanda zai riƙa tsallaka bangon."

Aikin da suka tsayar ba mai wuyar faɗa ba ne. A cuɗa yumɓu da tokar ƙaiƙayin shinkafa, a buga tayil na daɓen ɗaki, a gasa shi da wutar da ba ta kai wadda aka saba ba, a ga ko zai yi ƙarfi kamar na kanti. Amma kafin a ce an san dalili, sai an bi gida uku. Tanderun lantarki yana sashen kemistiri, kuma su ne za su faɗi abin da toka da yumɓu ke yi wa juna a cikin zafi. Na'urar da ke haska cikin abu ta nuna yadda ƙwayoyinsa suka jeru tana sashen fizis. Injin da ke danne tayil har ya fashe, a san iyakar ƙarfinsa, yana wurin injiniyoyi. Gine-ginen uku sun sa wani fili a tsakiya, da wata bishiya da ba ta da inuwar kirki. Shi kuwa sabon karatun ba shi da ofis ko allo. Wani ɗan ɗakin ajiya Tsoho ya samar wa ɗalibansa a ƙarƙashin matakala, mai taga ɗaya, in mutum ya miƙe da sauri sai kansa ya gaisa da siminti.

Nan Malam ya tare. In ya tashi daga makaranta sai ya hau babur ɗinsa ya zo, ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa, ya kwaɓa yumɓu. Masu gadi da masu shara duk sun san shi da tire a hannu, yana ratsa filin nan a hankali kamar mai ɗauke da jariri, daga tanderu zuwa na'ura, daga na'ura zuwa inji. Kuma tayil ɗin ya yi amo. Ranar da ya fara jin amon da yake nema, bai gaya wa kowa ba sai Tsoho, su biyu suka tsaya a bakin tanderu suna miƙa wa juna ɗan tayil kamar yara.

A gida kuwa tun shekarar farko aka fara kiran sa Dakta. Yayansa, direban babbar mota, shi ya fara. In ya dawo daga tafiya, tun daga ƙofa zai ɗaga murya: "Ina Daktan gidanmu? An gama ne, ko har yanzu ana wasa da ƙasa?"

"Saura ƙiris, Yaya."

"Bara ma haka ka ce. Innarmu dai ta gasa tukwane har ta koma ga Allah, ba wanda ya ce ta kawo sa hannun farfesa."

Daga wannan amsa tasa sunan Malam Saura-Ƙiris ya fito, ya bi shi har makaranta, har jami'a. Ba ya fushi. A lokacin gaskiya yake faɗa.

Ya rubuta kundinsa, Tsoho ya karanta shi tun daga bango har bango, ya ce a fara shirin ranar kare shi a gaban malamai. Ba a kai ga sa ranar ba Tsoho ya yanke jiki ya faɗi a kan matakala, bai ƙara magana ba har aka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki sai aka duba ƙa'ida. Ƙa'idar ta ce ɗalibin wannan karatu ba ya shiga ɗakin kare kundi sai malamai uku sun sa masa hannu, ɗaya daga kowane sashe. Da Tsoho na raye, shi ke shiga ofis ɗinsu da kansa, ya zauna ya ƙi tashi sai an sa. Sauran ɗaliban da suka ga yadda iska ta juya, kowa ya tattara ya koma sashe guda, ya sake sunan aikinsa. Malam ya zauna. Ya ce aikin nasa ba ya rabuwa.

Ya fara da malamin fizis, wani dogon farfesa da ake kira Mai Alli, don kullum hannun rigarsa fari fat. Kundin ya yi watanni a kan teburinsa. Da ya tashi magana sai ya ce, "Malam, wannan ai girki ne. A zuba kaza, a juya, a ɗora a wuta. Ina lissafin? Rage mini surutun sinadaran nan, ka faɗaɗa babi na huɗu, in ga ƙwayoyin nan a cikin lambobi."

"To, ranka ya daɗe."

Ya rage, ya faɗaɗa, ya kai wa shugabar kemistiri, wata Hajiya wadda tanderu ke hannunta. Hajiya ta sauke tabarau zuwa kan hanci tana juya shafuka da ɗan yatsa ɗaya. "Wa ya cika maka littafi da waɗannan ƙugiyoyin lissafi? Ba sai ka faɗa ba, na san allin wa ke jiki. Ni a tanderuna ka yi aiki, ba a allonsa ba. Kwashe su ka kai ƙarshen littafi, ka dawo mini da abin da tokar ta yi."

"To, ranki ya daɗe."

Injiniya shi ne mai fara'a a cikinsu, har kujera yake ba shi. "Malam, ni fa ba ruwana da faɗan manya. Tambayata ɗaya ce: in na shimfiɗa tayil ɗin nan a ɗakin uwata, zai fashe ko ba zai fashe ba? Ka sa wannan a gaba. Sauran duk ado ne, a taƙaita."

Abin da Mai Alli ya ce a ƙara, shi Hajiya ta ce a cire. Abin da Hajiya ta ce a dawo da shi, shi Injiniya ya ce a taƙaita. Mai Alli da Hajiya kuwa ba sa ga maciji da juna tun wata tsohuwar rigima a kan kujerar shugabanci, har in ɗaya ya hango ɗaya a filin nan sai ya tsaya duba waya. Malam ya roƙa su zauna su uku, ko na ɗan lokaci ne, su gaya masa abu ɗaya. Kowa ya ce shi a shirye yake, a tambayi sauran. Haka ya yi ta zagaya filin, yanzu ba da tire ba, da kundi a hammata. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Sai ofishin karatun gaba da digiri ya sanar da shi cewa wa'adin da ake ba ɗalibi ya kusa cika, in bai kare ba za a share sunansa.

Wata ranar hutu da hantsi yana zaune a tsakar gida da takardu a cinya, matarsa na kan keken ɗinki. Tela ce, kuma ta san halin mutane. Ta tsayar da ƙafarta ta dube shi.

"Malam, wai ba tayil ɗaya ba ne?"

"Ɗaya ne."

"Ƙarya za ka yi a ciki?"

"Subhanallahi. Ko lamba ɗaya ba zan taɓa ba."

"To ni in 'yan gida ɗaya suka kawo mini yadi ɗaya, wannan ta ce wuya mai faɗi, waccan ta ce matsattse, ba na tara su in ce su sasanta. Kowa sai in yanka mata nata. Yadin dai shi ne. Ka ɗinka wa kowa rigarsa mana, ka huta, mu ma mu huta. Yaran nan sun fara tambayata ko jami'ar ce ta aure ka."

Ya yi murmushi, ya ce, "Maman yara, karatu ba ɗinki ba ne." Ta ce, "Ai na gani," ta ci gaba da taka kekenta.

Maganar dai ta zauna masa. Ya juya ta ya sake juyawa, ya kasa gano inda ƙaryar take. Ya san kuma yadda ake yi a wurin. Ɗalibi ne ke kai wa kowane malami kwafinsa da hannunsa, takardar sa hannu kuma daban take yawo daga ofis zuwa ofis. Ya halarci kare kundi da yawa, ya ga yadda malamai ke ajiye littafin a gabansu a rufe, su ɗora masa waya da makullin mota, su yi tambaya daga abin da ke kansu. Ya ce a ransa in an wuce wannan rana, ai gyara ake bayarwa, a nan sai ya haɗa su ya mayar da shi ɗaya.

Ya ɗinka riga uku, wato kundi uku. Na Mai Alli cike da lissafi, na Hajiya cike da sinadarai, na Injiniya da ƙarfin tayil a gaba. Bango iri ɗaya, suna iri ɗaya, lambobi iri ɗaya. Mai Alli ya ce, "Yanzu ka zama ɗalibi." Hajiya ta ce, "Ka ga da ka ji magana tun farko." Injiniya ya sa wa takardar hannu a kan bayan motarsa. Shi kuwa baƙon malamin da za a gayyato daga wata jami'a don ya yi alƙalanci, Malam ya aika masa da na asali, wanda Tsoho ya karanta. Wannan kam hannunsa bai iya yanka shi ba.

Ranar karewa ya sa fararen kaya da matarsa ta ɗinka masa. Yaya ya ajiye mota ya zo, ya zauna a benci a baranda tare da ita, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa ƙaninsa ne a ciki. Malam ya jera tayil ɗinsa a kan tebur, ya yi bayani. Malaman uku kowa da kundinsa a rufe a gabansa, kamar yadda ya zata.

Baƙon ne bai zo yadda ya zata ba. Wani ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, kundinsa duk ya sha alƙalami, gefen shafuka a lanƙwashe. Ya ce, "Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Ina so mu duba wuri ɗaya tare. A farkon babi na huɗu, inda ya ɗora hoton ƙwayoyin a gefen bayanin tokar, ya nuna ɗaya ne ke haifar da ɗaya. Ku buɗe mu gani."

Aka ɗauke wayoyi da makullai. Takardu suka yi ƙara.

"Babu hoto a nan," in ji Hajiya. "Babi na huɗu ai sinadarai ne."

"Lissafi dai," in ji Mai Alli, bai ko dube ta ba.

Injiniya ya leƙa na hagunsa, ya leƙa na damansa, ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. Suka tura kundayen tsakiyar tebur, aka jera su huɗu a buɗe. Malam yana tsaye yana kallo. A duk shekarun nan, yau ce rana ta farko da ya ga kan Mai Alli da na Hajiya sun sunkuya a kan shafi ɗaya.

"Malam," in ji Hajiya a hankali, "wanne ne aikin naka?"

"Duka, ranki ya daɗe. Lambobin ɗaya ne. Kowa abin da ya ce in yi ne na yi masa."

"Wato mu ka mayar yara," in ji Mai Alli. "A ba kowa abin wasansa ya yi shiru."

Hajiya ta ce, "Gaskiyar Farfesa." Wannan ma ba a taɓa jin ta faɗa ba.

Aka ce ya fita ya jira. Ya fito baranda, Yaya ya miƙe da hannu a sama zai yi kabbara, matarsa ta dubi fuskarsa ta riƙe hannun rigar Yaya. Yaya ya sauke hannu ya koma kan benci. Daga cikin ɗakin ana jin muryoyi uku suna hawa, ɗaya siririya tana ƙoƙarin shiga tsakani.

Da aka kira shi, baƙon ne ya karanta hukunci, idonsa a kan takarda. Ya ce kundin da ke hannunsa ya cancanci digiri, amma ba shi malaman suka sa wa hannu ba, waɗanda suka sa wa hannu kuma shi bai karanta su ba. Don haka ɗalibi zai kawo kundi ɗaya tak wanda duk ukun suka yarda da shi. Kuma tunda zargi ya shiga, Injiniya ya nemi a sake gasa rukunin ƙarshe na tayil, a fasa shi a gabansa, kafin wa'adi ya cika. A bakin ƙofa baƙon ya riƙe hannun Malam ya ɗan daɗe, kamar zai faɗi wani abu, sai direbansa ya yi masa hon.

A hanyar gida matarsa ta ce, "Malam, ni ce na…" Ya ce, "Ke riga kika ce. Ni na riƙe almakashi." Ba su ƙara tayar da maganar ba har abada.

Washegari ya koma ɗakin ƙarƙashin matakala. Ya tankaɗe toka, ya kwaɓa yumɓu, ya buga tayil cikin tire, ya jera su a taga su sha iska. Da suka bushe ya je neman makullin tanderu. Hajiya ta ce ɗaliban sashenta na kan layi, ya dawo wani mako. Ya dawo, aka ce wayar cikin tanderun ta ƙone, an rubuta a kawo wata. Ya tambayi Mai Alli ko zai sa baki, ya ce shi ba ya shiga harkar kayan wani sashe. Injiniya ya ce injinsa na nan yana jira, a kawo gasasshe kawai, ai shi ba ya fasa ɗanyen yumɓu. Ana cikin haka majalisar jami'a ta zauna ta rufe karatun gaba ɗaya, ta ce ba shi da ɗalibai. Ba a yi kuskure sosai ba, ɗaya ne ya rage, shi ma wa'adinsa ya cika a wannan zangon. Aka ce ya kwashe kayansa, za a zuba tsofaffin kujeru a ɗakin.

Ya ɗauko tiren a bayan babur, a hankali, ko ɗaya bai fashe ba. Ya ɗora shi a kan kabad a ɗakinsa, ya rufe da tsohon zane. Ya ci gaba da koyarwa a makarantarsa. Mutanen gida suka daina kiran sa Dakta, ba tare da an yi shawara ba, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan tsokanar. Yaya ma in ya dawo daga tafiya sai ya ce, "Malam, ya aiki?" ya tsaya nan. Wani lokaci wani tsohon ɗalibi da bai ji labari ba yakan tare shi a hanya ya tambayi karatu. Sai ya ce, "Ana nan ana yi." Waccan amsar ta dā bai ƙara faɗin ta ba.

Ya ji labarin wata makarantar koyon sana'a a wani gari tana da tanderu irin wancan. Ya ce in an yi hutu zai kai ɗanyun tayil ɗin can a gasa su, ko ba don digiri ba, don dai a fasa su a ga lambar. Hutun ya zo ya same shi a kwance. Ciwon bai yi tsawo ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, matarsa ta shiga gyara ɗakin. Ta sauko da tiren, ta yaye zanen. Suna nan a jere yadda ya bar su, kowanne da 'yar lambar da ya zana masa da tsinke a kusurwa. Ta ɗauki ɗaya, ta kai kusa da kunne, ta buga masa farce yadda ta ga yana yi wa kofunanta tun tana amarya. Bai yi amo ba. Ɗanyen yumɓu ne, wuta yake jira.

Ta mayar da shi gurbinsa a hankali, ta ja zanen ta rufe.